Zuwa ga mutumina a Braunschweig

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da sanyin Jamus. Hotonka cikin jibgegiyar rigar nan ya zagaya gida kaf, Hajiya ta ce a tambaye ka ko abinci ne ba sa ba ka, don ta ga wuyanka ya ƙara tsawo. Na ce mata dankalin Turawa ne safe da yamma, wanda ya saba da tuwon dawa dole ya rame. Bari in fara sauke abin da ke cina.

Faranti ya tashi! Tarkacen nan da kake ta cewa in mayar wa 'yan gwangwan su ba ni kuɗin shayi, ga shi sun yi aiki. Kwandensa huɗu, wato 'yan gwangwanayen nan masu ajiye wutar lantarki, na ciro daga matattun inbata, kowace girmanta maikurofarad 4,700, an rubuta bolt 450 a jikinta, ni kuwa a 400 nake tsayawa, ba na kai su maƙura. Na naɗe wayar jan ƙarfe mai kauri a kwance a kan katako, na malala mata gam ta daskare, na ɗora farantin alminiyom na cikin had-dis ɗin tsohuwar kwamfuta a kai. Na koma bayan ƙyaure da doguwar waya, na sa tabarau, na danna. Ƙara ɗaya ka ji, tas! Farantin ya daki kwanon rufi ya bar masa lotsa, ƙurar shekara da shekaru ta zubo, shi kuma ya faɗo a lanƙwashe. Da na ɗauka sai na ji shi da ɗumi. Malam na shagon kusa ya shigo da carbinsa a hannu, ya jujjuya farantin, ya kara masa maganaɗisun sifika bai kama ba, ya ce to me ya tura shi? Na ce masa wuta ce ta ruga cikin naɗin farat ɗaya, ƙarfin maganaɗisu ya tashi daga babu, shi ya haifar da wata wutar a cikin farantin mai zagayawa ta kishiyar hanya, sai suka ture juna. Ya ce Allah mai iko, amma kuɗin kwano a kaina yake.

Kai da lissafi ya fi zama a kanka, duba ka gani. Rabin ƙarfin kwandensa sau bolt sau bolt: kowace ɗaya tana riƙe da jul 376 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin da ke ajiye), huɗun kuwa wajen 1,500. Wannan ba wani abin a zo a gani ba ne, ƙwan fitila mai wat 60 zai cinye shi cikin daƙiƙa 25. Abin da ya sa na kasa barci shi ne lokacin. Idan jul 1,500 ɗin nan suka fita cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, wat miliyan ɗaya da rabi ke nan, a ɗan shagona, ko da na ƙiftawar ido ne. Batir famfo ne, yana ba ka kaɗan-kaɗan. Kwandensa kuwa randa ce ka kifar da ita gaba ɗaya a kan mutum. Duk harkar ke nan, a tara a hankali, a saki a lokaci guda.

Kuma ka san wa ya fi kowa iya wannan dabarar? Mutumin garinku. Erwin Marx, wanda a 1924 ya fito da tsarin cika kwandensa suna jere kafaɗa da kafaɗa, sannan tartsatsi ya tsallaka ya haɗa su kai da wutsiya, bolt ɗinsu ya taru ya zama ɗaya. Daga baya a jami'ar Braunschweig ya koyar. Kana taka inda ya taka kullum, kai kuma hankalinka na kan inda ake sayar da naman halal! Na'urar Z da ke cibiyar bincike ta Sandia, a Albuquerque ta Amurka, irin janaretan Marx ɗin nan 36 ne a cikinta, tana sakin amfiya wajen miliyan 26 cikin kashi ɗaya bisa miliyan goma na daƙiƙa, a kan 'yan siraran wayoyi da ke zama tururi nan take. Don Allah in ka samu sarari ka leƙa sashen babbar wuta na jami'ar, ka ɗauko mini hoto ko ta taga ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro da daddare. Ƙaninka Auta ne.

Tun da ka tafi yaron nan ya mai da shagona gida, kuma wallahi ina jin daɗinsa. Hannunsa ya fi naka kyau a soda, kada ka ji haushi. Yana wurin ranar da farantin ya tashi, na ga yadda idonsa ya yi. Sati bai zagayo ba sai ga Gwaggo ta aiko a tambaye ni wane ƙarfe ne mai nauyi Auta ya ɓoye a ƙarƙashin gado. Na je na duba. Taransifoman na'urar ɗumama abinci ne, har biyu, ya sayo a wajen 'yan bola jari da kuɗin makarantar yamma. Ya ga bidiyo a YouTube, masu matse tsabar kuɗi ta ƙanƙance da masu ƙona katako wuta ta yi zane mai rassa, shi ma yana so. Ya riga ya gano da kansa cewa in ka ninka bolt sau biyu, ƙarfin da ke ajiye sau huɗu yake ninkuwa, don haka a ganinsa 400 ɗina wasan yara ne.

Gabana ya faɗi, aboki. Taransifoman nan bolt wajen 2,000 yake bayarwa, da amfiyar da ta ishe ta tsayar da zuciya, kuma ba ya jan mutum ya sake shi ya ce Allah ya kiyaye gaba. Ƙona katakon nan da yake sha'awa ya kashe mutane da dama a Amurka, manya masu sana'a a hannu, har ƙungiyar masu sassaƙar katako ta can ta hana shi a tarukanta tun 2017. Masu matse kuɗin kuma, abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne naɗin wayar tarwatsewa yake yi duk bugu, gutsattsarin jan ƙarfe su fita da gudun da zai huda jiki, shi ya sa suke yin abin cikin akwatin ƙarfe mai kauri. Auta kuwa a ɗakin da yake kwana da yaran Yaya biyu yake shirin yi, a kan siminti, da silifas.

Na zaunar da shi. Na ce masa na'urar da likitoci ke ɗora wa mutum a ƙirji su farfaɗo da bugun zuciya, iyakarta jul 360, kwandensata guda ɗaya ta wuce haka. Na nuna masa abin da ya fi ba ni tsoro a sana'ar nan: na sauke kwandensa har mita ta nuna sifili, na cire wayar, muka zauna muna kallo. Ba wanda ya taɓa komai, lamba ta fara hawa da kanta, ɗaya, uku, bakwai, har ta haura 20. Wutar da ta maƙale a cikin jikinta ce take dawowa. A 400 wannan ba ya kisa, amma a manyan na dubbai yana yi, shi ya sa ake ajiye su da waya ɗaure a bakinsu ko da sun shekara ba a taɓa su ba. Kuma cikakkiyar kwandensa ba ta ƙara, ba ta zafi, ba ta wari, da ita da wadda babu komai a ciki duk ɗaya suke a ido. Na koya masa abin da nake yi ba fashi: rizisto mai zuƙe wuta a manne kullum, sandar saukewa kafin hannu, mita kafin sanda ta koma rataye, hannun hagu a aljihu, kuma ba a aiki mutum ɗaya a ɗaki. Na ba shi labarin Musschenbroek, wani masanin kimiyya na birnin Leiden a Holan, wanda a 1746 kwalbar ruwa kawai ta ja shi, ya rubuta wa abokinsa a Faransa cewa ko masarautar Faransa za a ba shi ba zai sake ba. Auta ya yi dariya ya ce ai su ba su da mita. Ka ji irin amsar gidanku.

Af, kafin in manta, an sa ranar Ango bayan ƙaramar salla, kuma dai waccan ce, ba ta Fagge ba, don haka ka ci bashin goro. Liman ya yi ƙafa, yana fita masallaci da sanda. Mai shayin bakin layi ya sayi firiji ya fara sayar da zoɓo, ya ce in gaya maka littafin bashi yana nan bai ɓata ba. Hazo kuwa bana ya yi yawa, ko hasumiyar masallaci ba a gani da safe, sola ba ta cika batir sai an goge ta kullum.

Taransifoman dai na kwashe su, suna cikin akwatina da kwaɗo. Bai yi musu ba, amma tun ranar gaisuwarsa ta gajarce, kuma bola jari ba ta ƙarewa a Kano, gobe ma zai iya samo wasu. Ni ba na son a kashe masa sha'awar nan, irinsa ake nema. Na yi masa alkawarin mu gina ƙaramin Marx tare, da 'yan ƙananan kwandensa waɗanda tartsatsinsu zai yi kyau a duhu amma abin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba, a shagona, ina tsaye. Sai dai maganata ta maigidan shago ce, taka ta yaya ce, kuma duk abin da ya fito daga bakin wanda ke karatu a Jamus a wurinsa ya zauna. Ka kira shi ranar Juma'a bayan an sauko, kada ka yi masa faɗa, ka tambaye shi lissafin jul ɗin abin da yake son haɗawa, ka bar shi ya faɗa da bakinsa. Kada ka gaya wa Hajiya tukuna, hawan jininta bai sauka ba.

In za ka aiko da saƙo ta hannun masu zuwa, safar hannu ta masu aikin babbar wuta nake so, mai lambar gwaji a jiki, biyu, ɗaya daidai hannun Auta. Mutan shago duk suna gaishe ka, uwargida ma ta ce a gaishe ka, yara suna tambayar cakulan.

Naka har kullum,
abokinka na Kano