Abin da yaranmu ba sa gani a fim ɗin The Godfather

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani tsohon fim na Amurka da ya dawo bakin matasanmu a nan Kano, wato The Godfather. Yanzu daga Fagge har Zoo Road sai ka ga yaro ya ɗora hoton Al Pacino a waya, yana zaune kan kujera ya haɗe rai, shi ke nan an samu gwarzo. Da yawansu gutsuren minti ɗaya suka gani a TikTok, ba su taɓa zama sun kalle shi ba, shi kuwa kusan awa uku ne kuma hira ta fi harbi yawa a ciki, sai mai haƙuri.

A 1972 ya fito, Francis Ford Coppola ne ya ba da umarni, daga littafin Mario Puzo na 1969. Sama da shekara hamsin ke nan fa, fina-finan daba nawa aka yi a tsakani da ko sunansu ba a tunawa? Ni dai a ganina abin da ya riƙe wannan shi ne duk wanda ya taso a babban gida zai ga mutanen gidansu a ciki.

Ku duba yadda ya fara. Ana bikin 'yar gidan a 1945, a waje ana kiɗa ana rawa, shi kuwa maigida Vito Corleone, uban gidan 'yan daba a New York, wanda Marlon Brando ya fito a matsayinsa, yana ɗaki mai duhu yana karɓar masu buƙata ɗaya bayan ɗaya. Na farko wani mai sana'ar shirya gawa ne, samari biyu sun yi wa 'yarsa dukan kawo wuƙa, ya bi doka ya kai ƙara, kotu ta sake su a ranar, sai ya rasa inda za shi ya zo wajen tsoho. To wane Bakano ne bai san wannan zaman ba? Zauren Alhaji da sassafe, wannan kuɗin asibiti, wancan an kama masa ɗa, wani aiki yake nema wa ƙaninsa, kowa ya durƙusa ya faɗi tasa. Bambancin kawai shi Vito ba don Allah yake yi ba, bashi ne yake ɗora maka, kuma da ranar biya ta zo gawar ɗansa Sonny aka kai wa mutumin nan cikin dare ya gyara. Duk inda talaka ya fid da rai da samun haƙƙinsa ta hanyar hukuma irin waɗannan mutane ne ke yin ƙarfi, a New York ne ko a ina ne.

Sai 'ya'yan. Sonny babba mai zafin kai, Fredo mai rauni da ba a sa shi a lissafi, Tom Hagen yaron da aka tsinto a titi aka riƙe har ya zama lauyan gidan, sai Michael autan maza, wanda Al Pacino ya fito a matsayinsa, wanda ya yi boko ya je yaƙin duniya na biyu ya dawo da lambar yabo, shi ne uban ya ware yana fatan wata rana ya zama sanata ko gwamna, kada hannunsa ya taɓa jini. Nan ne fim ɗin ke taɓa min zuciya wallahi. Ba kwaɗayi ne ya ja Michael ba. An harbi mahaifinsa a bakin titi yana sayen kayan marmari saboda ya ƙi shiga harkar ƙwaya, ya je asibiti dubiya da dare ya tarar an janye masu gadi, tsoho na kwance shi kaɗai ana shirin zuwa a ƙarasa shi, wane ɗa ne zai juya baya? Daga nan sai kisan mutum biyu a gidan abinci, sai gudu zuwa Sisili a Italiya, sai bam ya tashi da amaryar da ya auro a can a mota, ya dawo zuciya ta bushe.

Masu ɗora hotonsa ba sa kai wa ƙarshe. Yana tsaye a coci ana yi wa ɗan ƙanwarsa baftisma yaransa na can suna kashe shugabannin sauran gidajen daba, ya sa aka shaƙe mijin ƙanwar tasa, matarsa ta biyu ta tambaye shi ya kalle ta ido cikin ido ya yi mata ƙarya. A kashi na biyu da ya fito a 1974 ya jira sai da mahaifiyarsu ta rasu sannan ya sa aka kashe Fredo, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutumin da ya shiga harkar don ya tsare gidansu shi ne ya cinye gidan da hannunsa, alhali kuwa ya tara dukiya da iko.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan fim ɗin, ya yi wa tsoho Vito kwalliya da yawa. Muna ganinsa yana wasa da jikansa a lambu amma ba a nuna mana gidajen da cacarsa ta rusa ba, shi ya sa yaro zai iya fitowa yana sha'awarsa. Kuma akwai wuraren da ba na kallo da ƙananan yara ba ne, iyaye a kula.

Kirana ga marubutan Kannywood, ba cewa nake ku kwafa ba, muna da namu a ƙofar gida. Attajiri a Kantin Kwari ko Singa ya rasu ya bar shaguna da 'ya'ya ɗaki uku, ga yaron shago da ya fi 'ya'yan cikinsa sanin sirrin kasuwar, ga uwargida da ke juya komai daga cikin gida, ga ɗan da aka tura karatu waje aka kira shi ya dawo ya riƙe ragama ba da son ransa ba. Ko ɗan siyasar da ke ciyar da 'yan daba lokacin zaɓe ya watsar da su bayan an rantsar da shi, a nuna mana shi a falonsa tare da 'ya'yansa, a kuma nuna mana uwar yaron da aka sare a kan titi saboda shi. Matasan da za su nemi fim ɗin kuma su kalli na ɗaya da na biyu a jere, na uku na 1990 bai kamo ƙafarsu ba.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku mai karatu,
daga Fagge, Kano.