Zuwa ga 'yata, kan takardun da ke teburinki

Assalamu alaikum 'yata. Ya Ankara (Accra), ya sabon aikin sayar da inshora? Mu nan Aboabo lafiya ƙalau, innarki tana gaishe ki.

Kin ce takardu sun yi miki yawa a ofis, wani lokaci sai kin birkice tebur kafin ki ga abin da kike nema. Maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na ga gara in rubuto, don a waya ba za mu gama ta ba.

Wanda ya sayi inshorar rai a hannunki yana zuba kuɗi wata-wata a kan alkawarin da sau da yawa ba shi zai ga cikarsa ba. Matarsa ce za ta zo, ko babban ɗansa, ido jawur, ga baƙi cike da gida. Saboda haka durowar da ta fi kusa da hannunki ki ba takardun neman biyan haƙƙi. Fom ɗin ya kasance a shirye, tare da takarda guda da ta lissafa abin da za a kawo: takardar likita da ta faɗi sanadin rasuwa, shaidar mutuwa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, takardar inshorar kanta, da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, na mai karɓa. Kin san mu a Zango, mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi makwanci, ba wanda ya tuna da takarda. Sai bayan sadakar uku a fara tambaya. Idan lissafin nan yana hannunki, za ki faɗa musu komai a zuwa ɗaya. Kada ki sa mai takaba ta yi ta hawa trotro, ƙaramar motar haya, daga unguwar Nima ko Madina saboda takardar da kika manta ba ki ambata ba.

Sai batun suna, kuma a nan nake so ki fi sa ido. Mutumin da duk unguwa ta sani da Baba Alhaji, a katinsa wani suna ne daban. Wani an rubuta masa Mohammed a makaranta, Muhammad a fasfo, Mahamadu a banki. Matar da ake kira Hajiya Ƙarama, mijinta ma sai ya yi tunani kafin ya tuna abin da ke kan katinta. Ki jera fayil-fayil ɗinki da sunan da ke kan Ghana Card, harafi da harafi, sannan ki rubuta laƙabin da fensir a gefen bango. A cikin kowane fayil, shafin farko ya nuna waɗanda aka sa su karɓi kuɗin, da lambar wayarsu, da ranar da aka yi gyara na ƙarshe. Mutum yakan ƙara aure, a haifa masa, wani ya riga shi tafiya, takarda kuwa tana nan yadda aka bar ta. Duk shekara ki kira ki tambaya.

Jadawalin farashi da ƙasidun kamfani, ki rubuta wa kowanne kwanan wata da jan biro a saman shafi. Sabo ya fito, tsohon ya bar tebur a ranar, amma kada ki yar da shi. Ki sa shi a kabad, domin wanda ya shiga tun da, sharuɗɗan lokacinsa ne ke bin sa. Akwai ma takardun da aka rubuta kafin 2007, lokacin da sidi 10,000 ya koma sidi 1, wanda bai lura ba sai ya karanta wa mutane kuɗin da babu shi. Shafin da ya yi bayanin lokacin jira kafin inshorar jana'iza ta fara aiki, da abin da ke faruwa idan zubi ya tsaya, ki liƙa masa alama, ki karanta wa mutum da Hausa ko Twi kafin ya sa hannu, ko da hakan zai sa kamashonki ya kuɓuce.

Lasisinki na NIC, hukumar kula da inshora ta ƙasa, da dokar inshora ta 2021 su zauna a fayil guda, inda za ki nuna wa duk mai shakka. Idan aka tambaye ki hukuncin inshora a addini ko rabon gado, ki tura mutum wurin malamai, ke dai ki faɗi abin da takarda ta ce.

Abin da mutane suka faɗa miki na ciwonsu da albashinsu amana ce, akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012. Kabad ya kasance da makulli, fayil ɗin wani kada ya kwana buɗe a kan tebur, kada kuma hoton katin mutane ya gauraya da hotunan biki a wayarki. Saƙon MoMo, wato tura kuɗi ta waya, na kowane zubi ki shigar da lambarsa a littafi a ranar, waya tana ɓata. Ki ɗaga kwalaye daga ƙasa, kin dai san abin da ambaliyar ruwan 3 ga Yuni 2015 ta yi a Circle da ke Ankara. Abin da ke kwamfuta kuma a sami kwafinsa a inda kamfani ya yarda.

Ki ware yammacin Juma'a, bayan an sauko, ki mai da kowace takarda mazauninta. Idan kabad ɗin ofis ba ya kulluwa, ki gaya min, zan aiko miki da kuɗin kwaɗo mai kyau ta hannun yayanki ranar da zai sauko Ankara.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki daga haƙƙin mutane.

Mahaifinki,
Aboabo, Kumasi