Gyara Kan Fassarar Kalmar "Astute" a Labaran Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin masu fassara labarai daga Turanci game da kalmar "astute", wadda da wuya a rubuta saƙon taya wani gwamna ko minista murna a Najeriya ba a kira shi "astute politician" ba. Sau da yawa akan mayar da ita "mai wayo", wani lokaci kuma "haziƙi", kuma a ganina duka biyun sun kauce wa abin da ake nufi.

Kalmar ta shiga Turanci ne a farkon ƙarni na 17 daga "astutus" ta Latin, wadda asalinta ke nufin dabara da wayo, saboda haka mai cewa "mai wayo" yana da madogara. Sai dai a Turancin yau yabo ce, ana faɗinta ga mutumin da ke saurin gane inda al'amari ya dosa, ya kuma san yadda zai ci moriyar abin da ya gano. Shi kuwa Bahaushe idan ya ji an ce shugaba mai wayo ne, abin da zai fara zuwa ransa shi ne a yi hattara da shi, sai yabon ya koma habaici. "Haziƙi" kuma ya fi dacewa da ɗalibi mai saurin ɗaukar karatu.

A duba ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, wanda ya lura ruwa ya ɗauke da wuri, ya ji direbobi suna cewa wake bai yi kyau ba bana, ya tura yaransa kasuwannin ƙauye tun sauran ba su farga ba. Wannan ne Bature zai kira "astute", domin lurarsa ta kai shi ga riba. Amma malamar asibitin da ta gane daga yadda majiyyaci ke zaune cewa yana ɓoye ciwo, ita "perceptive" za a ce mata, wato mai lura, tunda ba wata moriya take nema ba, kuma wannan bambanci ne fassara ke yawan haɗiyewa.

Shawarata ita ce a ce "mai kaifin basira" idan ana magana a dunƙule, a ce "wanda ya san takan siyasa" ga ɗan siyasa, a ce "mai hangen nesa" ga ɗan kasuwa. Ina fatan sashen fassara na wannan jarida zai duba wannan batu.

Naku,
Mai karatu daga Kano