Wasiƙa zuwa ga ɗana mai shirin zana JAMB, jarrabawar shiga jami'a ta Najeriya, a Kano

Daga Damagaram.

Assalamu alaikum. Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da kawunka da iyalinsa. Ya gaya mini kana dagewa da karatu, sai dai a gwajin da kuke yi lokaci yakan ƙare maka kana tsakiyar lissafi. Abin ya tsaya mini a rai.

Abin da ka saba da shi a nan daban ne. A BAC, jarrabawarmu ta gama sakandare a nan Nijar, awoyi ake ba ka, ka baje hujjarka layi bayan layi, malami ya ba ka maki a kan hanyar da ka bi ko da amsar ƙarshe ta kauce. JAMB ba ruwanta da hanya. Tambaya 180 ce cikin awa 2 a gaban kwamfuta, 60 na Ingilishi, sauran darussa uku kowanne 40. In ka raba, daƙiƙa 40 ke kan kowace tambaya. Wadda ta ci maka minti biyar kuwa makinta ɗaya da wadda ka amsa da kallo guda.

Na san halinka, ba ka yarda tambaya ta gagare ka, kuma ina alfahari da hakan. Amma ranar nan ka sassauta. Fara da darussan da karantawa kawai suke so, ka gama su da wuri, ka tara wa lissafi rarar lokacin. In ka shigo lissafi, ka bi tambayoyin 40 har ƙarshe kana kwashe masu sauƙi. Duk wadda ka karanta sau biyu ba ka ga bakin zarenta ba, zaɓi amsa ɗaya, rubuta lambarta a takardar da ke gabanka, ka wuce. In lokaci ya ragu sai ka dawo mata.

Kada ka bar ko ɗaya babu amsa. JAMB ba ta rage maki don ka amsa ba daidai ba, saboda haka wanda ya bar gurbi kansa ya cuta. Sai dai canke ma da hankali ake yinsa. Amsoshi huɗu ne. In ka rufe ido ka canki tambaya goma, biyu ko uku za ka dace. In ka fara jefar da amsa biyu da ba su yiwuwa, wajen biyar za ka samu. To ta yaya ake jefarwa? An tambayi tsawo ko nisa, ka ga amsa a ƙasa da sifili, watsar da ita. Lissafin yiwuwar aukuwar abu ba ya wuce 1. Gefen alwatika ɗaya ba ya kai jimlar sauran biyun. Sau da yawa ma ba sai ka warware ba: in an ce 3x + 7 = 22, ɗauki amsoshin ka gwada, 5 za ta zauna nan take. Wannan ba maguɗi ba ne, ɗana, sani ne kake aiki da shi.

Ka kuma kula da rubutun lamba. Mu nan 2,5 muke rubutawa, su 2.5, kuma 1,000 a wajensu dubu ce cif.

Daga yau duk gwajin da za ka yi, ka ajiye agogo a gabanka, awa 2 ba ƙari, kuma a kan kwamfuta in da hali. Saura minti biyar ka daina lissafi, ka bi ka cike duk gurbin da ya rage.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka, muna ta yi maka addu'a. In ka yi gwaji na gaba, ka kira ni ka faɗa mini tambaya nawa ka kai kafin lokaci ya cika. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'a.

Mahaifinka.