Godiya ga kafintocin gefen kasuwar Katako da suka yi wa ƴata akwati

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidan shagon kafintoci da ke gefen kasuwar Katako a Yamai, da yaran shagonsa baki ɗaya. Gaisuwa mai yawa, da fatan aiki yana tafiya, iyali kuma suna cikin ƙoshin lafiya.

Ni ne dattijon nan na Tawa da ya zo muku da ƴarsa da zanen fenti uku na aikin hannunta a naɗe cikin bargo, wanda ya zauna bisa benci yana ta duba agogo kamar mai jiran mota. Na san kun tuna. Maigida, ka roƙe ni kada in rubuta sunanka, ka ce ba ka son surutu. To, sunan na bar shi, amma ban yi maka alkawarin rufe baki ba. Sunan yarinyar da na wurin da ta je su ma na bar su, don ba tallarta na fito yi ba.

Albishirinku, ta ci. A wajen baje kolin zanen zamani da ta kai aikinta, a wata ƙasa ta bakin teku, ita alƙalai suka zaɓa cikin matasan da ke tasowa. Sai da ta yi mini bayani sau biyu kafin in gane irin kyautar. Ba kofi aka miƙa mata ba, ba kuma zanen da ta kai aka saya ba. Kuɗi aka ware aka ce ta koma gida ta yi sabon aiki, wanda babu shi tukuna ko a takarda, baɗi za a kafa shi inda duk mai shiga zai gani. Komanda ke nan, irin wadda muke ba tela ko baduku. Sai dai shi tela kai kake gaya masa ɗinkin da kake so, ita kuwa an bar mata wuƙa da nama. Ga wanda yake farawa, wannan ya fi ciniki, domin a wata na farko yana da kuɗin sayen kayan aiki ba tare da ya ci bashi ba.

Tun da labari ya bazu, gidana bai rabu da masu zuwa barka ba. Kowa yana yabon hannunta. Har yau ban ji wanda ya tambayi yadda zanen ya bar Tawa ya isa can ba tare da ko tsaga ɗaya ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in fara da laifin kaina. Ni tsohon malamin lakkol ne, burina ta zama malamar asibiti ko ta gaje ni a alli. Da na ga ta ɗauki hanyar zane, raina bai so ba. Abin da ya sassauta mini shi ne ba ta zana mai rai. Fatar akuya take saye wajen majema, wadda aka jeme da bagaruwa, ta rina wata da karan dafi, wata da baba, ta fitar da baƙi da kuloko kamar yadda dukawa ke yi. Daga nan ta jiƙa ƙaro ta dama da jar ƙasa da farar ƙasa, ta shafa bisa fatar. Siffofin kuwa daga masallacin Yama, wani ƙauye a jihar Tawa, ta ɗauko su, wannan na laka da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ta sha zuwa can ta wuni tana kallon hasumiyoyi. Duk da haka, a raina wasan yara ne mai cin kuɗi. Mu mutanen Tawa kuwa bai kamata mu yi irin wannan tunani ba, tun da marigayi Mustafa Alasan, wanda ya sa zane ya yi motsi a majigi har duniya ta san shi, a garinmu ya yi zama mai tsawo kafin rasuwarsa a 2015. Amma ka san hali, abin da ke cikin gidanka shi ka fi rainawa.

Da takardar gayyata ta zo, muka naɗe zanen muka shiga mota. Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ta Tsarnawa da Birnin Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso, kuma duk ramin da mota ta faɗa sai in ga yarinyar ta runtse ido. Shago biyu muka fara shiga kafin naku. Duka biyun magana ɗaya suka yi: a kawo awo su buga akwati irin na firji, gobe a zo a ɗauka. Ni har na yarda. Ita ce ta ja hannun rigata muka fita.

A wurinku, Maigida, ba ka tambayi awo ba. Cewa ka yi a kwance bargon. Ka tashi ka wanke hannu, ka goge, sannan ka tsuguna. Ka daɗe kana kallo ba ka ce uffan ba, har na fara jin haushin ɓata lokaci. Sai ka ɗago ka ce da ita: "Ƴata, da me kika kama ƙasar nan?" Ta ce da ƙaro. Ka ce: "To ba a naɗe shi, ba a jingina shi da komai, kuma ba ya son guduma." Daga nan tambayoyi suka biyo: mota ce ko jirgi, garin da za a kai akwai laima, wa zai buɗe a can, za a dawo da shi cikin akwatin ko kuwa. Ni da na yi shekaru ina yi wa yara tambaya a aji, ranar na ga yadda ake tambaya don a yi aiki. Kuma ranar ce karon farko da na ga babban mutum, wanda ba ruwansa da mu, ya ɗauki aikin ƴata da muhimmanci. Na ji kunya, ban dai nuna ba.

Ga masu karatu, ga abin da suka yi, don wani zai amfana. Ba su yi akwatin da gundumemen katako ba, da falankin nan mai hawa-hawa da ake mannewa a masana'anta suka yi shi. Maigidan ya ce ƙasashe da yawa ba sa barin akwatin ɗanyen katako ya shiga sai an gasa shi da zafi an buga masa hatimi, saboda ƙwarin da ke ɓoye cikin itace, amma wancan falankin dokar ba ta hau kansa ba. Daga baya na bincika na tarar haka ne, har ma an ƙayyade zafin, digiri 56 na minti 30. Ya san wannan ne saboda ya daɗe yana yi wa masu sana'ar hannu na gidan tarihi na Bubu Hama da na Wadata akwatunan aika kaya waje. Murfin kuma da sukurori aka ɗaure shi, babu ƙusa ko ɗaya, domin bugun guduma yana girgiza busasshiyar ƙasa ta zube, kuma idan ƴan duwan, masu binciken kaya a iyaka, suka ce a buɗe, akwatin ƙusa sai an ɓalle shi. Kowane zane an yi masa gurbinsa, an kama shi ta gefe da soso, an bar tazarar yatsa biyu tsakanin fuskarsa da katako.

Maganar laima ita ta fi burge ni. Fatar da ta saba da bushewar ƙasarmu ta Adar, in ta shaƙi iskar teku sai ta saki jiki, ta yi funfuna. Sai ka aiki ƙaramin yaronka, wannan mai dariya, ya bi masu sayar da takalma yana roƙon ƴan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu cikin kwali. Ya dawo da leda cike. Allah Ya yi wa yaron nan albarka. Shi ne kuma ya sa wa kowane sukuro lamba, ya zana yadda ake buɗewa a takarda ya manna a jikin murfi, don wanda ba ya jin harshenmu ya gane da ido.

Kai ne kuma ka tuna mana mu nemi takardar shaidar cewa wannan sabon aiki ne, ba kayan tarihi ba, tun da doka ta hana fitar da kayan tarihi barkatai, kuma abin fata da ƙasa yana iya kama da tsohon abu a idon ma'aikaci. Da ba ka faɗa ba, da a filin jirgin Diori Hamani za mu ji labarin. An kuwa buɗe akwatin a can, an duba, an mayar cikin ɗan lokaci.

Sai batun kuɗi, wanda na san shi ne ba ka so in taɓa. Da ka faɗi farashi, abin da ke aljihuna rabi ne. Na fara lissafin wanda zan kira a waya. Ka ce: "Mushe, kawo abin da ke hannunka, saura in ta dawo." Na ce in ba ta sayar da komai ba fa? Ka ce: "To sai ta dawo mini da akwatina, ai ba ya ruɓewa." Ba takarda, ba shaida, ba ka ma san ƙofar gidana ba. Kuma daren da za mu ɗauka, da ka ga gurbi ɗaya ya ɗan matse, ka sa aka warware aka sake, kuka kai har bayan lisha, ba ka ƙara ko dala ba.

Ƴata ta koya mini sunayen wuraren da masu irin sana'arta ke mafarkin zuwa: Dak'Art da ake yi a Dakar duk bayan shekara biyu, da 1-54 da aka fara a Landan a 2013, da ART X na Legas da aka fara a 2016. Ta ce a irin waɗannan wurare akwai kamfanonin da ba su da wani aiki sai ɗaure zane da ɗaukarsa, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai farawa. A ganina, in ana taron yadda za a taimaki matasa masu zane a ƙasar nan, ana yawan maganar fenti da ɗakin nuni da tikitin jirgi, a manta da wanda zai ɗaure kayan. Ta gaya mini wani saurayi da ke kusa da ita a wurin, aikinsa ya iso da tsaga daga sama har ƙasa, ya kwana yana gyara. Shi ma gwani ne, akwati ne ya ci amanarsa. Don haka matasan da ke kai da kawowa a gidan al'adu na Umaru Ganda da sauran wurare, in tafiya ta kama ku, ku shiga Katako ɓangaren masu katako, ku nemi kafintan da zai ce a kwance kayan ya gani kafin ya ɗauko ma'auni.

Maigida, ragowar kuɗinka yana hannuna, ban so in aiko ta waya ba, na fi son in kawo da ƙafata. Uwar yarinyar ta tanadi buhun albasar Galmi da cuku na yaran shago, ta ce kada ku ce a'a. Sabon aikin kuma ta fara shi, fata tara ta saya, kuma yadda na ga ta share tsakar gida tana awo da igiya, ba na jin zai shiga ta ƙofar shagonka a tsaye. Za mu zo da awon bayan salla, in Allah Ya kai mu, ka fara tunanin yadda za a yi.

Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare hannuwanku daga zarto.

Wassalam.

Naku,
Mahaifin mai zane, tsohon malamin lakkol, daga Tawa