Masu koyon aikin faiba, ku fara da murfin rediyon mota, ku bar jakar iska

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da ƙannena matasan Gombe da suka tsunduma aikin faiba, wato zaren gilashin da ake gyara da shi, a dashbod ɗin mota. Sana'ata gyaran jikin mota da fenti a wajajen Tashan Dukku, kuma a 'yan kwanakin nan ana yawan kawo mini motocin da yara suka yi wa kwaskwarima bayan sun kalli yadda ake yi a TikTok ko YouTube. Ban ga laifinsu ba. Ranar Maris da Afrilu tana tsattsaga dashbod ɗin Golf 3 da 406 da Sharon, na gwanjo kuma ya yi tsada, don haka wanda ya iya faiba ba zai rasa na cefane ba. Inda suke farawa ne nake ja da shi.

Ɗan koyo ba ya farawa da dashbod sukutum. Ya ciro ɗan murfin nan da ya kewaye rediyo, wanda ake son faɗaɗawa ya ɗauki allon Android, ya yi aikinsa a kan benci, nesa da mota. Ya yanka firam na katako daidai girman allon, ya kafa shi a kan murfin, ya ɗame tsohuwar singileti a kai har siffar ta fito, sannan ya jiƙa ta da rezin, ruwan nan mai kauri da ke daskarewa ya yi tauri. In ta bushe sai a juya, a shimfiɗa tabarmar faiba ta baya, falle biyu ko uku. Da buroshi ake dannawa, dab-dab-dab, ba shafawa irin ta fenti ba, har farin zaren ya jiƙe ya zama garau. Duk inda ka ga ɗigon fari ya rage, iska ce ta maƙale, kuma daga nan zai fara tsagewa ranar da motar ta hau gargada. Wani abin da bidiyon ba ya tsayawa a kai: rezin ba ya kama robar dashbod da kyau. Sai an kankare ta da sanfefa mai kaushi, an huda ƙananan ramuka yadda zai ratsa ya riƙe, in ba haka ba wata rana zai ɓare kamar ɓawon gyaɗa.

Sai maganin daskarewa, wanda muke kira hadina. Ƙa'idarsa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na rezin, wato mililita 10 zuwa 20 a lita guda. Mai bidiyon nan wataƙila a garejin Ingila yake, sanyi na kaɗa shi. Mu da zafi ke kai digiri 40 a bazara, ƙaramin awon ya ishe mu, kuma a dama kaɗan-kaɗan, da sassafe, a inuwa. Na ga yaron da ya cika gwangwani da tsakar rana ya antaya hadina da ka. Kafin ya gama falle ɗaya gwangwanin ya ɗauki zafi yana hayaƙi, buroshin ya sandare a ciki. Kuɗin sati ya tafi. Hadinan nan in ya fantsama a ido yana iya makantar da mutum, ƙurar faiba kuma gilashi ce, ba a shaƙarta. Tabarau, safar hannu da takunkumi na ƙwarai ba gayu ba ne. Fenti kuma a sa marar sheƙi, domin mai ƙyalli yana haskowa a gilashin gaba ya kashe wa direba ido.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki biro shi ne jakar iska, wato airbag, mai kare mutum in an yi karo. An kawo mini wata Corolla da aka lulluɓe dashbod ɗinta ta gefen fasinja gaba ɗaya da faiba, aka shafe da fila mai cike ramuka, aka feshe. Aiki ya yi sumul, wallahi sai da na yaba hannun yaron. Sai dai a ƙarƙashin wurin ne jakar iska take, kuma da gangan kamfani ya raunana robar wajen don ta yage in an yi karo. Jakar nan tana fita kafin ƙiftawar ido, da ƙarfin gaske. In ta ci karo da faiba, ko dai ta kasa fita yadda ya kamata, ko ta farfasa shi ta watsa wa na gaban mota a fuska, wanda sau da yawa uwargida ce. Na gaya wa mai motar sai an ɓamɓare, ya ce ai shi bai taɓa yin haɗari ba. Allah ya tsare, amma na ƙi taɓa sauran aikin har sai da ya yarda.

Duk inda kuka ga an rubuta SRS ko AIRBAG, ku tsaya nan. Wayoyin da ke da rawayen soket na jakar iskar ne, kada a taɓa su batir na haɗe. Ina kuma roƙon malamanmu na Kwalejin Ilimi ta Fasaha da ke nan Gombe da shugabannin ƙungiyoyinmu na gareji su shirya wa yaran nan ɗan horo, ko na yini biyu ne. Ni zan zo da rezin da buroshi.

Wassalam.

Naku,
Wani mai gyaran jikin mota,
Tashan Dukku, Gombe.