Wasiƙa Zuwa ga Abokina Kan Farin Ruwan Inabi

Abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Saƙonka ya iso, na kuma ji kukanka: kwalbar farin ruwan inabin da ka san sunanta ta fi ƙarfin aljihunka, wadda aljihun ke iya ɗauka kuwa salam take. Ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, sai ka yi haƙuri idan na tsawaita.

Kaso mai tsoka na kuɗin kwalba mai suna, kuɗin ƙasar da aka shuka inabin ne. Gonar Montrachet da ke Burgundi a Faransa kamar hekta 8 ce kacal, ga duniya duka ta zuba mata ido. Ina araha za ta fito? Amma rana da iska ba ruwansu da iyakar da aka shata a takarda. Shi ya sa na daina bin manyan sunaye, na koma ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabtansu.

Ka ce kana son Sancerre, farin ruwan inabin Faransa da ke ɗauke da sunan yankin da ake yin sa. To, yankin Menetou-Salon na jingine da shi a yankin kogin Loire, inabinsu ɗaya, wato Sauvignon Blanc, ƙasarsu ma mai alli ce iri ɗaya. Gaba kaɗan ta yamma ga Quincy, wanda hukuma ta amince da sunansa a 1936, shekara ɗaya da Sancerre, sai dai bai samu masu yi masa kirari ba.

Idan ka bi kogin har kusa da inda yake faɗawa teku, wajen birnin Nantes, za ka tarar da farin ruwan inabin da ake kira Muscadet. A nan zuciyata take. Mutane sun raina shi don an daɗe ana cika kasuwa da marar kyansa, wannan rainin kuwa shi ya bar mana shi da sauƙi. Ka duba takardar jikin kwalbar, ka nemi sunan yankin Sèvre et Maine, sannan ka nemi kalmomin sur lie. Ma'anarsu an bar ruwan ya ƙare lokacin sanyi kwance a kan ragowar yis da ta zauna a gindin tanki, kafin a ɗura. Wannan kwanciyar ce ke ba shi jiki. Ban manta ranar da na fara shan mai kyansa ba. Da na tsiyaya, sai ga 'yan ƙananan kumfa sun manne a jikin kofin gilashin, launinsa kamar ruwa da ɗan kore-kore. Ƙanshin ɓawon lemun tsami ya fara zuwa, da na haɗiye kuma sai wani ɗan gishiri-gishiri ya tsaya mini a gefen harshe, ya ƙi tafiya. Na ajiye kofin na yi shiru.

Irin wannan maƙwabtakar tana nan tsakanin Sifen da Fotugal, inda kogin Minho ya raba su. A arewacinsa, ɓangaren Sifen, ana kiran inabin Albariño, na yankin Rías Baixas ya yi suna, kuɗinsa ya hau. Ka tsallaka kudu zuwa garuruwan Monção da Melgaço na Fotugal, cikin yankin Vinho Verde da aka shata tun 1908, inabin nan ne dai, sunansa kawai ya koma Alvarinho. A Hangari ka nemi ruwan inabin Furmint marar zaƙi daga Tokaj, yankin da aka fi sani da mai zaƙi kamar zuma. A Italiya ka gwada Verdicchio na lardin Marche. Ostiriya kuwa, tun abin kunyar gurɓata ruwan inabi da ya same ta a 1985 ta tsananta dokokinta, shi ya sa ko ƙaramar kwalbar Grüner Veltliner ba ta cika ba ni kunya ba.

Da za a ce in zaɓa maka ɗaya tak, Chenin Blanc na Afirka ta Kudu zan ɗauka. Tun 1659 ake matsar inabi a can. Shi wannan inabin Chenin Blanc, da suke kira Steen, ya shafe shekaru ana zuba shi cikin na gama-gari ko a dafa shi a yi burandi, wato barasa mai ƙarfi, ba wanda ya kula da tsofaffin kututturansa a yankin Swartland na ƙasar. Tsohon kututture ba ya 'ya'ya da yawa, amma 'yan kaɗan ɗin da yake yi sun tara daɗi. Yanzu akwai hatimi da ake manna wa kwalbar da inabinta ya fito daga kututturan da suka kai shekara 35, har da shekarar shuka a rubuce. In ka gan shi, kada ka wuce. Ka kuma hanzarta, domin Assyrtiko na tsibirin Santorini a Girka ma da can ba a san shi ba, yau ya shiga sahun masu tsada.

Kada neman araha ya kai ka ga kwalbar da ta fi kowace arha a shago. Kuɗin kwalba da murfi da dako da haraji kusan ɗaya ne ko me aka ɗura, don haka a mafi arha ɗan abin da ya rage wa ruwan ba ya taka kara ya karya. Ka hau mataki ɗaya ko biyu. Ka kuma lura da inda aka ajiye ta. Na taɓa sayen wata da ta daɗe a tagar wani shago rana na dukanta, da na buɗe sai na tarar launinta ya koma na shayi, tana warin tuffa da ta ruɓe, haka na zubar. Yawancin waɗanda na lissafa maka sun fi daɗi cikin shekara 2 zuwa 3 da girbi, sai ka duba shekarar. In ka fito da ita daga firji, ka ba ta kamar minti 15, don tsananin sanyi na danne ƙanshi.

Ka fara da Muscadet ɗin, ka rubuto mini ko kai ma ka ji gishirin nan. Ka gaishe mini da mutanen gida duka.

Naka har kullum,
Abokinka